Kwalbatin da Na Toshe da Hannuna

Inna, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni magini ne. Da yaƙi ya yi tsanani, ta cikin kwalbatoci biyu da ke ƙarƙashin babban titi 'yan bindiga ke rarrafowa unguwarmu. Dattawa suka ce a toshe. Ni na toshe su da bulo da siminti, har ana yaba mini kyan aikin.

Da ƙura ta lafa kowa ya manta da batun buɗe su, ni ma kullum sai in ce gobe. Sau ɗaya na je ofishin masu kula da magudanan ruwa, na tarar ba rufi, awaki ne ke kwance a ciki. Sai bara aka tafka ruwan da ko kakata ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya rasa hanya, ya dawo cikin gidaje. Katangar gidan yayana ta faɗa wa 'yarsa mai shekara shida, wadda ke ɓoye mini cokalin gini in na je gidan, ta rasu.

Yaya yana gudun hijira lokacin da aka toshe, bai san aikina ba ne. Har yau yana aiko mini da abinci, ni kuwa ba na iya ci. Ruwa ya fasa kwalbati ɗaya, ɗayan yana nan daram, ga damina ta ƙarato. Sojojin da suka kafa shinge a kan titin sun ce ba mai taɓa shi sai unguwa ta zo da baki ɗaya. In na tara mutane maganar za ta fito, ina tsoron in rasa ɗan'uwana.

Magini mai baƙin ciki

Ɗana, Allah Ya jiƙan yarinyar nan, Ya sanyaya muku zuciya.

Ranar da ka ɗora bulon nan rayuka ka tsare, kuma ba kai kaɗai ka yanke shawarar ba. Jinkirin buɗewa kam da naka a ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma da na dattawa da na hukumar da ta watse.

Maganar za ta isa kunnen yayanka ko ba jima, gara ya ji daga bakinka. Ka same shi shi kaɗai cikin makon nan. In ya yi fushi, ka ƙyale shi, uba ne. Daga nan ka tara dattawan da suka sa ka, ku je wurin sojojin tare, don akwai wasu yaran da ke kwana a gindin katanga.

Ranar fasawa ka tafi da guduma biyu. Ka miƙa wa yayanka ɗaya, wataƙila ya karɓa.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya kawo muku damina lafiya.