Lambobin da Na Zana a Bayan Kwali

Zuwa ga aminina Maiagogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗanka da iyalinsa. Yaya gwiwar nan taka? Har yanzu tana hana ka saukowa daga bene? Ni dai lafiya lau, sai idon hagu da ya fara yi mini gardama. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban taɓa zama a aji ba, a bayan rediyo da talabijin na tsinci baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa suke tafiya a karkace.

Jiya na bi ta layinmu. Shagonka ya koma wurin aski. Nawa kuwa rigunan waya ake sayarwa a ciki, amma ƙusar da nake rataye ƙarfen dalma tana nan a bango. Na nuna wa mai shagon, ya dube ni kamar na zo roƙo.

Ka tambayi labarin jikata Tsagera, ƴar marigayi ɗana. Tana nan, shekara ashirin da uku ke nan, bakin nan bai mutu ba. Mu biyu ne a gidan. Ta gaji ɗakin ubanta da teburinsa da wasan nan nasa na harbe-harbe a kwamfuta, wanda na yi shekaru ina yi masa faɗa a kai. Ashe yanzu sana'a ce. Su biyar ne a ƙungiyarsu, kowa a ɗakinsa, suna magana ta abin kunne, har da mai horar da su. Ranar Asabar za su shiga gasa. In suka haye, za a ɗauke su a kai su gidan horo a wani gari, a riƙa biyansu kamar ma'aikata. Shekara huɗu take neman wannan ranar.

To ga abin da ke cina. Allon kwamfutar nan nata sabo ne fil, faffaɗa, amma hoton da ke ciki abin kunya ne. Dishi-dishi, mutane sun buɗe sun yi kwaɓal kamar an zauna musu a ka, bishiyoyi ba ganye, bango ba inuwa. Da talabijin ce aka kawo mini haka a shago, ba za ta kwana ba a gyara ba. Na ce mata allon ya lalace. Ta yi dariya har ta cire abin kunnen, ta ce, Kaka, da gangan aka yi.

Wai hoto ɗigo-ɗigo ne. In ɗigon ya yi yawa na'urar tana shan wahala kafin ta zana shi, in aka rage sai ta riƙa zubo hotuna da sauri, har ka riga abokin gaba gani da ƙiftawar ido. Wai da aka ja hoton ya buɗe, mutum ya fi faɗi a idonta. Ciyawa da inuwa da hayaƙi kuwa ado ne, sai su ɓoye mata wanda ya laɓe. Ta ce sababbin shiga ne ke son hoto mai kyau, tsofaffin hannu duk haka suke ragewa. Na ce ni ma tsohon hannu ne, shekara arba'in da ɗaya ina hawa rufin mutane ina juya eriya don hoto ya fito tar, ban taɓa jin wanda ya ce in ƙara masa dishi ba. Ta ce to ni tsohon hannu ne a hawa rufi, in bar mata ƙasa.

Ban yarda ba, Maiagogo. Yarinya za ta kashe idonta a banza. Wata uku ina zaune a bayanta ina kallon inda take latsawa, kuma ka san abin da idona ya gani sau biyu ya zauna ke nan.

Ka gaida mutanen gida. Ka riƙa shafa man nan a gwiwa ko da yana wari.

Naka har kullum,
Mai Talabijin

*

Zuwa ga aminina Maiagogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida ɗanka da yaransa. Allah ya sa gwiwa ta yi sauƙi. Ban jira amsarka ba na sake rubutowa, domin akwai abin da na aikata, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ranar Asabar da hantsi Tsagera ta fita karɓo mini maganin ido a asibiti. Ta bar kwamfutar a kunne, wasan a buɗe, don ƙarfe biyu za su fara. Na shiga ɗakin. Na ce bari in yi wa yarinyar nan gata, ta shiga gasa da hoto na mutunci. Na kama ɗan abin nan da suke kira linzami, na latsa inda take latsawa, sai ga shafuka cike da lambobi. Na yi ta nema ban gane wanda ke riƙe da hoton ba. Can ƙasa na ga wani maɓalli shi kaɗai, irin wanda ke mayar da talabijin yadda ta fito daga kamfani. Na danna. Ya tambaye ni wani abu, na sake dannawa.

Wallahi hoton ya fito. Ganye ɗaya-ɗaya, har tsagar bango kana gani. Na zauna ina kallo ina jin daɗi kamar ranar da na gyara talabijin ta farko.

Layin asibiti ya riƙe ta, ba ta dawo ba sai saura minti goma. Ta ajiye mini maganin, ta zauna, ta dubi allon. Ban taɓa jin irin ƙarar da ta yi ba. Hoton ta mayar da shi dishi nan take, wannan ta san lambarsa. Ashe ba hoton kaɗai na share ba. Akwai saurin linzamin, akwai girman ɗan gicciyen da take saiti da shi, akwai aikin kowane maɓalli, sun fi talatin. Duk ubanta ne ya saita su da hannunsa. A kansu ya koya mata tun tana ƴar shekara tara, ko da ta sauya na'ura kwafe su take yi dunƙule ba ta buɗewa, ba ta taɓa rubuta su ba. Hannunta ya san su, kanta bai sani ba.

Ta shiga gasar a haka. Ina tsaye bakin ƙofa ina gani. In ta kai hannu dama sai ya zarce, in ta dawo sai ya gaza. Kamar a ba ka agogon da aka sauya wa duk ƙafafun ciki a ce ka faɗi lokaci. Aka cinye su. Saura dama ɗaya, Asabar mai zuwa, kuma mai horar da su ya ce in hannunta bai dawo ba kafin Alhamis zai sa wani a gurbinta.

Da ta fito ta tambaye ni ko an ɗauke wuta bayan fitarta. Maiagogo, na ce e. Na ce an ɗauke an kawo. Ta gyaɗa kai, ta ce to shi ne. Har ta tambaya ko na ɗiga maganin.

Ga sauran. Ka tuna dokar maigidanmu da ya koya mana aiki: kafin ka kwance abu, zana yadda ka same shi. Ban taɓa karya ta ba. Kafin in danna maɓallin nan sai da na yage kwalin sabulu, na zana duk lambobin shafi bayan shafi, kowace a inda take, ko da ban san ma'anarsu ba. Kwalin yana cikin akwatin kayan aikina, ƙarƙashin su sukundireba. In na miƙa mata, ta san ni ne, kuma ta san na yi mata ƙarya.

Yau kwana uku. Tun safe take gwada lamba tana sauyawa, abinci sai na yi da gaske take ci. Jiya na ji ta ta bango tana cewa, Baba, nawa ka sa? Na je na buɗe akwatin har sau biyu, na rufe. Ni da ban taɓa ba abokin ciniki haƙuri ba sai in na tabbata laifina ne, yanzu na tabbata, bakin ya ƙi buɗuwa. Ita kaɗai ta rage mini. In ta daina kallona da idon da take kallona, ban san me zan zauna yi a gidan nan ba.

Ka yi mini addu'a. Kada ka karanta wa ɗanka wannan.

Naka,
Mai Talabijin

*

Zuwa ga aminina Maiagogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya da duk na tare da kai. Wasiƙarka ta iso, amma ta tarar an riga an gama. Duk da haka na karanta zagin har ƙarshe. Tsohon banza mai taurin kai da ka kira ni, na karɓa. Shekara hamsin kana faɗa, yau dai ka samu gaskiya.

Ranar Laraba da rana na fito da kwalin don in sake kwafe shi da kyau, ina tunanin ko in tura shi ta ƙarƙashin ƙofarta in yi shiru. Ina cikin kwafa sai na tsaya a kan lambobi biyu na hoton, waɗanda na zana a jere. Na san su. Ka tuna allon nan mai ƙusumbi, mai kusurwa huɗu, da wani ofis ya zubar na tsinto na gyara wa ɗana yana ɗan shekara goma sha biyar? Lambobin nan ne a rubuce a jikin takardar bayansa. Na'urar da na harhaɗa masa daga tarkace ba ta da ƙarfin ɗaukar hoto mai kyau, in ya ƙara sai ta riƙa tsayawa. Shi ya sa ya rage. A haka idonsa ya saba, a haka ya zama gwani, ko da ya samu manyan na'urori bai koma ba. Dishin da na shiga ɗakin in kawar, daga teburin shagona ya fito.

Ban tura shi ta ƙarƙashin ƙofa ba. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na ajiye kwalin a gabanta, na ce ba a ɗauke wuta ba. Na faɗa mata duka a tsaye, har da labarin allon mai ƙusumbi, wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce taɓawar ba ita ce ta fi yi mata ciwo ba, ta san hannuna ba ya ganin abu ya ƙyale. Kwana huɗun da na yi ina kawo mata shayi ina kallonta tana neman abin da ke cikin akwatina, shi ne ba ta san inda za ta ajiye ba. Sannan ta ce in fita tana da aiki.

Daga tsakar gida ina jin ƙarar maɓallan. Wajen la'asar sautin ya sauya, ya koma yadda na saba ji, irin na ubanta, ɗaɗɗaya da sauri ba kame-kame. Ranar Alhamis mai horar da su ya bar ta a gurbinta. Ranar Asabar suka haye. Ban kalla ba, ta rufe ƙofa, kuma tana da gaskiya. Ihun da ta yi ne ya gaya mini.

Jibi za ta tafi gidan horon. Na taya ta naɗe wayoyi, na ɗaure allon da bargo yadda muke ɗaure talabijin in za a yi tafiya. Muna aikin ba mai cewa komai sai miƙo wannan, riƙe wancan. Tsokanar nan tata ta ɗauke, ko tsoho ba ta ce mini ba tun ranar. Ban san gidan zai yi shiru haka tun kafin ta fita ba.

Da muka gama ta kwafe lambobin a wayarta, ta miƙo mini kwalin. Ta ce in ajiye a wurina, waya tana ɓata, ni kuwa ba na yar da komai. Ta ce kuma in ta zo hutu in ba ta labarin ubanta tun daga farko, ba wanda nake tacewa ba. Ba ta ce ta yafe ba. Ni ma ban tambaya ba, don ban ga na kai ba tukuna.

In gwiwarka ta yarda, ka sa ɗanka ya kawo ka ka yi mini kwana biyu. Akwai ɗaki. Akwai kuma abubuwa game da marigayi ɗan nan nawa da nake so mu tuna tare kafin ta dawo, kada in ba ta da giɓi.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Mai Talabijin