Barcin da Muka Hana Bukar

Zuwa ga Maigidana Alhaji,
Mai motocin dakon shanu da na yi wa tuƙi shekara goma sha tara,
Potiskum, Jihar Yobe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikata, ni ne Idi, tsohon direbanka na Dogo Tebo, wanda 'yan gareji suka fi sani da Ido-biyu. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci na kamfani ba, domin ba tozarci ya kawo ni ba. Na ci abincinka. Da motarka na yi aure, da ita na gina ɗakin da nake kwance a ciki yanzu. Sau uku ina sa a kai ni ofishinka a keke napep, sau uku ana ce mini ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, don maganar ba kai kaɗai ta shafa ba. Duk mai mota a garin nan, da duk mai riƙe sitiyari, yana da rabonsa a ciki.

Na farko, yadda muka mai da rashin barci abin yabo.

Ka san aikin fiye da ni. Ran Laraba a yi lodi a Kasuwar Shanu, a ɗaure ƙahoni, masu rakiya su hau, sai kudu. Shanu ba buhunan wake ba ne da za a aje mota a kwana. In suka daɗe a tsaye sai su rame, wani ya faɗi 'yan uwansa su tattake shi. Fatake kuma so suke su riski kasuwa da sassafe. Direba ɗaya ne a mota, saboda haka barcinsa ake yankewa. Nakan yi kwana biyu a hanya, abin da na runtsa bai wuce ɗan gyangyaɗin da ake yi a layin shan mai ba. In na sauke, a sa mini wani kayan, in juyo.

Da goro na fara, na koma shayi mai kauri, na koma kofi ana zuba shi kamar ƙasa. Daga baya na shiga haɗiyar ƙwayar da ake sayar mana a tasha cikin ƙullin leda, wadda har yau ban san sunanta ba. Kai kuwa, ranka ya daɗe, ranar da ka tara direbobi a gareji ana gobe Sallah, ka dafa kafaɗata ka ce, "Ku yi koyi da Idi. Shi motarsa ba ta kwana a hanya." Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani. Ban ce kai ka ba ni ƙwaya ba. Amma ba ka taɓa tambayata yadda ɗan Adam ke yin abin da nake yi ba.

Na biyu, abin da ya yi wa jikina.

Jiki magayi ne, ni ne ban saurara ba. Ciwon kai ya zame mini abokin zama. Na fara mantuwa, in yi salla in rasa raka'a nawa na yi. Ni da aka sani da raha na koma masifaffe, matata Hajara ta ajiye mini ruwa in ce ta buga kofin da ƙarfi, 'ya'yana su ji ƙarar motata su watse. Akwai ranar da na taka birki da iya ƙarfina a kan kwalta don na ga garken tumaki suna tsallakawa. Masu rakiya suka leƙo suna tambayar lafiya. Babu tunkiya ko ɗaya a wurin.

Wata nas 'yar Filato, Madam Rifkatu, mai kemis a bakin layinmu, ta auna jinina wata rana da na je sayen maganin ciwon kai. Ta sake aunawa, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Malam Idi, ba maganin ciwon kai kake buƙata ba. Ka je asibiti yau, kuma ka riƙa barci. Ko injin motarka ana kashe shi ya huce." Na yi dariya, na ce mata barci na masu albashi ne. Ban je asibitin ba. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa: Bukar.

Bukar ƙanin matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu a Yerimaram. Da can yana jan ƙaramar mota tsakanin nan da Damaturu, kullum yana kwana a gidansa, ni na zuga shi ya koma tirela, ni na kawo shi gabanka na tsaya masa. Direba ne mai natsuwa, ba ya gudu, ba ya shan komai sai shayi. Aibinsa ɗaya a wurinmu: in barci ya kama shi sai ya gangara gefen hanya ya kwanta. A gareji har suna aka sa masa, wai Ango.

Damina uku da suka wuce, wata Laraba da hantsi, ya shigo gari daga kudu. Ni ma ina gari ana gyara mini mota. Direban da ke da lodin ranar zazzaɓi ya kwantar da shi, shanu kuwa an riga an saye, fatake sun tsaya a kan manajanka. Manaja ya ce Bukar ya juya da su kudu. Bukar ya ce ba zai iya ba, rabonsa da barcin kirki tun daren Lahadi, a bar shi ya kwana ko da ɗaya ne. Manaja ya kira ka a waya ina tsaye, na kuma ji amsarka da kunnena: "A nemo Idi ya yi masa magana, yana jin maganarsa."

Na same shi a bayan gareji, zaune a kan tsohuwar taya, ya cire takalmi, idanunsa jawur. Ya ce, "Yaya, wallahi hanya biyu nake gani." Ni kuwa na ce masa kada ya ba ni kunya, ni na kawo shi. Na ce namiji ba ya barci a kan kayan mutane. Na ciro goro biyu daga aljihuna na danƙa masa. Allah ya sani na so in ba shi ƙwayar ma, kunyar surukuta ce ta hana ni. Ya daɗe yana kallon goron, sannan ya sa takalminsa ya ce, "To, Yaya."

Washegari bayan azahar aka bugo waya. Ba dare ba ne, ba ruwa ake yi ba, ba kwanar hanya ba ce. Hanya ce miƙaƙƙiya, rana tsaka. Waɗanda suka je wurin sun ce babu alamar birki a kan kwalta ko taku ɗaya. Motar ta sauka a hankali kamar mai neman inuwa, ta faɗa rami ta kife. Bukar ya rasu nan take, shi da mutum ɗaya cikin masu rakiyar shanun.

Ka zo gaisuwa, ka yi abin da ya kamata, Allah ya saka. A wajen zaman makoki kowa cewa yake ƙaddara, ni ma na ce ƙaddara. Na yi imani babu mai wuce kwanansa. Amma da taya ce ta fashe, da ka tambayi wanda ya sayo ta. Da birki ne ya tsinke, da bakanike ya sha tambaya. Da yake barci ne, babu wanda ya tambayi kowa. Larabar da ta biyo baya aka yi lodi kamar yadda aka saba.

Na huɗu, inda nake yanzu.

Ban daina tuƙi ba sai da aka daina da ni. Wata takwas bayan rasuwar Bukar, ina alwala a gida, buta ta suɓuce daga hannuna na hagu, na so in yi magana bakina ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a kula da shi ba. Da ya ji irin aikina da abin da nake sha don in hana ido rufuwa, sai ya girgiza kai ya ce shekarun nan na rashin barci sun taimaka wajen kai ni nan. Yau ina jan ƙafa da sanda, ban kai hamsin ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, yanzu da nake da katifa da lokaci, barcin ya ƙi zuwa. Na kore shi shekara goma sha tara, ya yi fushi.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba, ba kuma taimako ba. Ga roƙona.

Ka sa direba biyu a duk motar da za ta kudu da dabbobi. Na san za ka ce riba za ta ragu. Ka kwatanta da motar da ta kife da shanun da ke cikinta, in ma an bar maganar rai.

Duk wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ya kwana a gidansa kafin a sake ba shi makulli, ko fatake za su yi kuka da hawaye. In direba ya buɗe baki ya ce barci yake ji, a ɗauki maganarsa kamar ya ce birki ba ya ci. Kada a nemo wani babba ya lallashe shi.

Ɗakin nan na gareji da aka gina don hutun direbobi, aka cika shi da tayoyi da jarkokin baƙin mai, a kwashe a shimfiɗa tabarmi. A riƙa kawo ma'aikacin lafiya yana auna jinin mutanenka lokaci-lokaci. Kuma don Allah a daina yabon irina a gaban yara masu tasowa. Akwai su nan a garejinka, na ji har gasa suke yi.

Saura abu ɗaya. Shekara uku ban gaya wa Hajara abin da ya faru a bayan gareji ba. Ita ke juya ni, ita ke yi mini wanka lokacin da ko zama ba na iyawa, ni kuwa ina ɓoye mata cewa ni na tura ɗan uwanta. Da na yi niyyar rubuta wannan wasiƙa, na ga bai kamata ta ji a bakin duniya ba. Ran Juma'ar da ta wuce, tana tsince shinkafa a tsakar gida, na gaya mata komai, har goron. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Ya biyo ta nan kafin ya tashi, ya ce in ba shi ruwa ya wanke fuska. Na ce ya shiga ɗaki ya kwanta, ya ce Yaya ya riga ya yi magana." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ni na yi tawa maganar a makare, Alhaji. Kai taka har yanzu tana da amfani, domin Laraba na nan tafe kuma makullan suna hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya tsare motocinka da bayin Allah da ke cikinsu, ya ba ka ikon gyarawa. Allah ya jiƙan Bukar da wanda suka tafi tare, ya raya abin da suka bari. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Wassalam.

Naka,
Idi, tsohon direba,
Dogo Tebo, Potiskum.