Tsarabar Dominic daga Gashaka

Samaru, Zariya
14 ga Maris, 2006

Zuwa ga Yaya Elizabeth,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu. Yaya Baba da ciwon gwiwarsa, yaya yara da maigidanki? Ni lafiyata lau, zuciyata ce kawai a dagule.

Mun dawo daga gandun dajin Gashaka, inda ƙungiyar mawaƙan cocinmu ta kai mu. Yaya, gani ya kori ji. Duwatsu ne kan duwatsu har cikin gajimare, ga ƙorama mai sanyin da ke kama haƙori. Mun ga ɓauna daga nesa, birai kuwa ba a magana. Da Dominic bai biyo mu ba, da daɗi kawai zan ba ki labari.

Wannan mutumin, wanda danginsa za su zo wajen Baba ranar Asabar don neman aurena, da kwat da takalmi mai tsini ya zo hawan dutse, sai ka ce zai buɗe shagonsa na Sabon Gari. Tun a mota yake cika baki wai kakansa maharbi ne. Ko rabin dutsen farko bai kai ba ya zube yana haki, mata masu goyo suna wuce shi. Duk dabbar da ɗan jagora ya nuna mana, shi farfesu yake gani. Har wata gada da ta tsaya tana kallonmu sai da ya ƙiyasta tukunyar da za ta ɗauke ta. Na ji kunya, amma na ce hali ne, zai gyaru.

Ranar fitowa ma'aikatan gandun suka binciki kayanmu a ƙofa. A jakata, ƙarƙashin rigar mawaƙa da Littafi Mai Tsarki, suka zaro ƙullin naman daji ƙyafaffe. Ni ban taɓa ganinsa ba. Ashe gwanin naki ya saya a ɓoye wajen masu farautar sata, ya cusa mini, a tunaninsa ba a taɓa jakar mace. Awa biyu ana yi mini tambayoyi a gaban Fasto da kowa, ina kuka. Shi kuwa yana jingine da mota, yana goge takalminsa. Sai da direba ya ce ya ga wanda ya buɗe jakar aka ƙyale ni.

Jiya Dominic ya zo Samaru. Na ba shi kujera, don har a lokacin ina jiran ya ce in yi haƙuri, kuma da ya faɗa wataƙila da na haƙura. Ya sha ruwa, ya rage murya, ya tambaye ni ɗaya ƙullin da ya sa a aljihun gefe, wai ya yi wa mamarsa alkawari. Na duba, yana nan kuwa, har ya fara wari. Na miƙa masa da jakar gaba ɗaya.

Ki gaya wa Baba kada ya sa a yanka kajin nan ranar Asabar. Ba na so, kuma ba fushi ba ne da za a lallashe ni. Raini ne, shi kuwa ba ya wankuwa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Tabitha