Wa Ke Share Sawu a Gefen Gabas?

Goronyo, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Rahinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya ƙafar Inna, ta saki? Ya kaka a Rara? Tunda sabis ɗin waya ya ƙi dawowa, na koma ga biro. Direban motar albasa zai riƙa aje miki takarda a Rabah.

Albishirinki: an naɗa ni shugaban masu gadin ma'ajiyar albasa. Amma kada ki rangaɗa guɗa tukuna, don ni abin bai kwanta mini ba. Wanda na gada, korar shi anka yi saboda buhu tara da sunka ɓace, kuma har yau ba a san wanda ya kwashe ba. To mi ya sa manaja Musaddiƙ ya tsallake mutum huɗu ya ɗauko ni, ni da ban wuce shekara uku ba, kuma duk a gadin ƙofa da rana na yi su? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Yaya Atiku, dattijon nan na Wurno da ya kawo miki tafarnuwa lokacin sunan Surayya. Shekararshi sha ɗaya a nan. Shi ya koya mini aikin, har yadda ake riƙe sanda. Ranar da anka faɗi naɗin ya kama hannuna ya yi mini addu'a mai tsawo. Amma jiya na ɗaga mishi hannu daga bakin ƙofa, ya wuce abinai awa bai gan ni ba. Sau biyu ke nan. Sauran kuma da na tunkaro sai hira ta mutu.

Ki sa Inna ta taya ni da addu'a. Kuma kada ki fara cin bashin atamfa da sunan matar oga, na san halinki.

Mijinki mai ƙaunarki,
Maccido

Goronyo, 11 ga Nuwamba

Rahinatu tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na samu takardarki da yajin da kinka aiko, Allah shi yi albarka. Ina fatan zazzaɓin Surayya ya sauka.

Kin ce na cika zargi. To saurara ki yi mini alƙalanci.

Muna da wata al'ada a nan. Kowace yamma ana share yashin da ke bin gindin wayar shinge da reshen sabara, faɗin taku biyu, har a zagaye ma'ajiyar. Mai gadi ba ya taka wurin, hanyarshi tana ciki. Da safe shugaba ya zagaya ya duba. In wani ya ƙetaro, sawunshi zai tona shi.

Yashin da ya kwana yana da kama. Raɓa takan danne shi, ki ga sawun ɓera, na buzuzu, na kwaɗo. Haka nake samun kudu da arewa da yamma. Amma gefen gabas, wajen gulbi, inda Yaya Atiku yake kwana, fes nake tarar da shi, ko layin tururuwa babu. Rahinatu, ɓerayen Goronyo tsoron gabas suke yi? Sabuwar shara ce, ta asuba. Wani na share sawu kafin in iso.

Na ce bari in gwada shi. Na tsara a riƙa juya wurare kowane mako. Mutumin da bai taɓa musu da kowa ba ya tsaya kai da fata a bar shi a gabas, wai ya saba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, sauran ukun duk sunka goya mishi baya, har Mujaheed da kullum yake kukan gefen gulbi ya fi ko'ina daɗin zama. Ka ji fa! Littafin sa hannu ma yanzu Mujaheed ke cika mishi.

Wallahi abin yana cina. Mutumin da nake ci akushi ɗaya da shi! Na daina zama cin tuwo da su, na ce cikina ne. In wani buhu ya sake ɓata, ni za a kora, kuma da sunan da ba ya wankuwa.

Ki gaida Inna. Kada ki faɗa wa kowa wagga magana.

Naki,
Maccido

Goronyo, 17 ga Nuwamba

Rahinatu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Na yi ɓarna. Shekaranjiya na rubuta rahoto zuwa ga manaja a Sakkwato, na sa sunan Yaya Atiku, na ce ina zargin shina buɗe wa ɓarayi hanya shina share sawunsu. Mota ta tafi da takardar. Sai bayan ta tafi na ce bari in gani da idona, abin da ya kamata in fara yi.

Jiya ana sallame sallar asuba na laɓe bayan rumbun ƙarshe. Gari ya fara haske sai ga shi tafe. Ba kan hanyar masu gadi yake ba, cikin sharar yake, hannunshi na hagu riƙe da wayar shingen, shina lalube, shina ƙirga turaku a hankali. Ya yi tuntuɓe da dutsen da ko yaro zai kauce wa. Da ya kai ƙarshe ya ɗauko reshen sabara, ya dawo da baya da baya shina share sawun ƙafarshi.

Na fito na tsaya a fili, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Ya juyo ya dube ni sosai, bai gan ni ba. Sai da na yi tari ya kira sunana.

Ya ce yanar ido ce ta rufe mishi gani. Tun damina ta bara ta fara, yanzu inuwa kawai yake gani. Gabas ya haddace turakunta, shi ya sa ba ya son barinta, kuma kunnenshi na jin motsi tun daga bakin ruwa. Gaisuwar da nake cewa ya ƙi amsawa, ashe hannuna ne bai gani ba. Na zauna a ƙasa na faɗa mishi abin da na rubuta. Ban ɓoye ko kalma ɗaya ba.

Bai zage ni ba. Ni na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Manaja zai zo ran Asabar. In na yi shiru, Yaya Atiku ɓarawo ne. In na faɗi gaskiya, makaho ne, kuma ba a ajiye makaho gadi. Ko ta ina aikinshi ya tafi, kuma ni na kore shi. Na tambaye shi wanne zan faɗa. Ya ce in faɗi na idon, don a Wurno zai ƙare kwananshi, kuma makaho ana ba shi sahun gaba a masallaci.

Ki yi mini addu'a, ban iya cin abinci.

Maccido

Goronyo, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga Rahinatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yaran duka. Ni jikina lafiya.

An gama. Na faɗa wa manaja gaskiya gaban kowa, na ce rahotona kuskure ne, Yaya Atiku bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar albasa ba. Na roƙa a mayar da shi gadin ƙofa da rana ko wajen tsince ruɓaɓɓiya, aikin da hannu da hanci ke yi. Manaja ya ce kamfani ba gidan jinya ba ne. An sallame shi da albashin wata guda. Ni kuma an tabbatar mini da muƙamin, har da yabo wai na iya sa ido. Ji na yi kamar in nutse.

Ni na raka shi tasha, na sa shi motar Wurno. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya ce in gaishe ki. Na yi alkawarin in an yi albashi zan kai shi Sakkwato a duba idon, don an ce yanar ido ana cire ta. Atamfarki za ta jira, na san ba za ki ƙi ba.

Amma ga abin da ya hana ni sakat. Muna dawowa daga tasha na tsare Mujaheed, na ce mi ya sa sunka bar ni cikin duhu. Ashe duk sun sani, har shugaban da anka kora. Shekara guda suna rufa mishi asiri, suna karɓa-karɓa wajen leƙa gabas a madadinshi. Ranar da anka naɗa ni sun zauna a kan ko a faɗa mini. Yaya Atiku shi kaɗai ya ce a faɗa, ya ce Maccido ƙanenai ne, ba zai cuce shi ba. Sauran sunka ƙi. Sunka ce ba su yarda da ni ba, mutumin da anka ɗauko daga ƙofa anka ɗora a sama, in ya ji abu rahoto zai kai.

Na buɗe baki in ce sun zalunce ni, sun yi mini mugun zato. Sai na rufe. Rahinatu, ai na kai.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara. Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Maccido