Safiyar da Danladi Ya Tsaya a Bakin Tanderu

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Mama, na san masu bin shafina ne za su karanta wannan, ba ke ba. Amma tunda abin nan ya faru a gidan burodin da kika bar mini, ke kaɗai nake son faɗa wa.

Kin tuna Danladi mai gasa burodi, mutumin garin Obi, wanda kika ɗauka aiki tun yana saurayi? Matarsa ta rasu wajen haihuwa a daminar bara, jaririn ma bai zauna ba. Ko mako bai yi ba ya dawo aiki, ya ce zaman gida ya fi ƙarfinsa.

Daga nan ya canza. Mutumin da kika sani da waƙa a bakin wuta ya koma shiru. Ya rame, idanunsa kullum jajaye, burodi ya fara ƙonewa a hannunsa. Masu kwaɓi suka ce ƙwaya yake sha. Talatu mai ɗaure leda ta ce asiri ne. Ƙaninki Kawu Bala, wanda har yanzu yake da hannu a harkar, ya ce in sallame shi kafin ya kashe mana kasuwa. Na ja shi gefe sau da yawa, kamar yadda na ga kina yi, amma amsarsa ɗaya ce: “Ba komai, Anti.”

Sai wata safiya, masu babura suna jiran lodin burodin da za su kai garin Assakio, na ji ƙauri. Na shiga baya, na tarar da ƙofar tanderu a buɗe, hayaƙi ya cika ɗakin, burodi ya zama gawayi. Danladi yana tsaye dab da wutar, ya cire takalminsa ya ajiye a gefe. Sauran ma'aikata sun manne da bango, ba mai motsi.

Na kira sunansa, bai waiwayo ba. Na matsa har zafin ya fara cin fuskata. Da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji ya ce, “Anti, ka koma baya. Na gaji. Ina so in huta.”

Na tambaye shi kai tsaye ko kashe kansa yake nufi. Ban san daga ina ƙarfin halin ya zo mini ba. Ya gyaɗa kai.

Ban yi masa wa'azi ba. Na ce ba zan koma baya ba sai tare da shi, in ya so mu ƙone tare. Na riƙe gefen rigarsa. Na ce ya faɗa mini sunan da suka so raɗa wa yaron. Can ya faɗi sunan, sai ya durƙusa yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na yi wa wani alama da ido ya rufe tanderun.

A Keke Napep muka kai shi asibiti, ni da yayarsa da na kira a waya. Likitar da ta gan shi ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya daɗe ba ya barci, kuma ciwo ne da ake magani. Suka riƙe shi.

Abin da ya biyo baya ma bai zo da sauƙi ba. Da aka sallame shi, ma'aikata suka ce ba za su yi aiki da mahaukaci ba. Kawu Bala ya zo har gida ya ce in zaɓa, ko shi ko Danladi. Kin san yadda nake jin nauyinsa. Na durƙusa na ce, “Kawu, ka yi haƙuri, da ƙafa ya karya a wurin nan ai ba za mu kore shi ba.” Ya tashi ya fita. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Na tara ma'aikatan a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Ban faɗi sirrin asibitinsa ba. Na ce daga yau kowa yana da ranar hutu a mako, za a riƙa karɓa-karɓa a bakin wuta, wanda aka yi wa rasuwa ba zai dawo ba sai ya sami kansa, kuma duk wanda ya sake kiran wani mahaukaci, da ni zai yi. Biyu suka ajiye aiki a ranar. Mun sha wuya kafin mu maye gurbinsu, wasu shaguna a nan garin Lafiya ma suka koma wa wani gidan burodin.

Danladi ya dawo, Mama. Yana wajen kwaɓi yanzu, yana shan maganinsa, ranar ganin likita ba na bari ya zo aiki. Bai warke sarai ba. Akwai ranakun da nake leƙa shi ta taga gabana yana faɗuwa.

Jiya bayan an tashi, Talatu ta tsaya a ƙofar ofis tana murza bakin zanenta. Ta rufe ƙofar, ta ce, “Anti, wannan likitar ta Danladi, tana duba mata? Tun da na haihu ban san daɗin raina ba, kuma ban faɗa wa kowa ba.” Shekara da shekaru tana ɗaure leda a gabana tana dariya. Jibi zan raka ta.

Mamana, na yi kewarki ƙwarai. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Ya ba Danladi da Talatu lafiya, Ya sanyaya zuciyar Kawu, ni kuma Ya ba ni idon ganin wanda yake shan wuya a shiru cikin mutanen da kika bar mini. Amin.

'Yarki mai yi miki addu'a kullum,
Rabi