Tsohon Siton Babanmu

Gonar Tudge, watan Maris

Zuwa ga Yaya Enid,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Ronald da yara. Yaya gwiwar taki, yaya sanyin Kanada?

Yaya, na zama kaka! 'Yata Bethan ta sauka lafiya, mace, an sa mata Nesta, sunan marigayiya matata. Da aka miƙo mini ita ina tsaye, sai nas ta ce, “Kaka, zauna tukuna, kada mu kwantar da mutum biyu.” Hancinmu jaririyar ta ɗauko sak, Allah ya ba ta haƙuri.

Ga wani labarin kuma. Bethan da mijinta Colin sun gaji da zaman haya a birni. Sun ce za su dawo gona, in har za a sami abin da zai riƙe gida biyu. Kin san tuffa da dankali ba sa riƙe ko gida ɗaya yanzu. Shi ne muka shirya mayar da tsohon siton dutse na Babanmu kanti: ƙwai, cuku, ruwan tuffa, da dashen furanni a farfajiya. Hukumar tsara gine-gine ta ba mu izini, tun da ginin yana tsaye, ba sabo za a yi ba. Ni da kaina na cika takardun. Ni ɗin nan da kike rubuta wa wasiƙa har na yi furfura, kafin in shiga ajin yamma in koyi karatu da rubutu.

Bethan ta so mu ɗauki wata mata mai suna Lockyer, wadda sana'arta ke nan ba manoma shawara a kan dokar gini. Na ce, “Wadda ba ta taɓa ɗaga dutse ba za ta koya mini siton da aka yi mini aski a ƙofarsa?” Ta ce, “To, Baba, kai ka sani.”

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Wilfred

*

Watan Yuli

Yaya Enid,

Ina fatan kin tashi lafiya. Rigar da kika saƙa ta iso, ta yi wa Nesta yawa, amma za ta cika ta.

Ban san ta inda zan fara ba. Kin tuna bangon arewa na siton, wanda ya yi ciki tun muna yara? Da muka cire rufin sai na ga tsagar ta buɗe, hannuna yana shiga har gwiwar hannu. Ranar Bethan ta kawo yarinyar, ta ajiye ta cikin keken jarirai a inuwar bangon nan tana hira. Na dubi bangon, na dubi yarinyar. Na ce jikata ba za ta yi rarrafe a ƙarƙashin wannan ba.

Na kira gayya kamar yadda Baba yake yi. Maƙwabcinmu Des Probert ya zo da tarakta da 'ya'yansa, muka sauke bangon. Da ya sauka sai na gabas ya biyo shi, sauran biyun ma muka ga gara a sauke su a sake ɗora su da kyau. Muka bar tushe, iya gwiwa. Muka jera duwatsun a gefe, kowane bango da tarinsa. Des yana ta tsiya: “Wilf, kai ne mutum na farko da ya yi wa kakansa kaciya.” Aka ci nama, aka sha ruwan tuffa, aka yi dariya.

Ni da kaina na kira jami'in hukumar ya zo ya ga aiki mai tsafta. Ya fito daga mota, ya tsaya, ya ce, “Malam Tudge, ina siton?” Na nuna masa, na ce, “Ga shi nan, dutse ɗaya bai ɓata ba.” Bai yi dariya ba. Ya ce izinin na gyaran ginin da yake tsaye ne, yanzu kuwa babu gini. Duk abin da zan ɗora sabon gini ne, kwarin da gonarmu take kuma yana cikin ƙasar da aka hana sabon gini. Na ce, “Ɗana, duwatsun nan sun girmi kakanka.” Ya ce ya sani, ya ba ni haƙuri, ya ce kada in ɗora ko ɗaya.

Colin bai yi mini faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi, domin ya riga ya ajiye aikinsa.

Ki sa mu a addu'a.
Wilfred

*

Watan Oktoba

Yaya,

Na gode da wayar da kika yi, ki yafe mini da ban iya magana sosai ba. Yaya jikin Ronald?

Na je wajen matar nan Lockyer da hulata a hannu, na ƙasƙantar da kai. Ta zo gonar da takalmin ruwa, ta zagaya tushen, ta tsuguna ta duba, ba ta ce mini na yi wauta ba. Ni na tambaye ta: da na kira ta a watan Yuni, me za ta ce? Ta ce, “Ka tabbata kana so ka ji?” Na ce ina so. Ta ce da sai a tokare bangon da ƙarfe, a kira injiniya ya rubuta cewa yana da haɗari, a sanar da hukuma, sannan a gyara shi kaɗan-kaɗan alhali ginin yana tsaye. Aikin mako guda. Ba sai an sauke komai ba.

Ta ɗaukaka mana ƙara. Ta yi iya yinta, na ga haka da idona. Ba ta ɓoye mini cewa da wuya ba.

Tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa na karyewa, babu inda zan sayar. Des ya daina tsiya. In ya gan ni a hanya sai ya ɗaga hannu ya wuce, kamar shi ya yi laifin.

Naki,
Wilfred

*

Watan Janairu

Yaya Enid,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mun shiga a sa'a.

An ƙi ƙarar da muka ɗaukaka. Abin da Lockyer ta iya ceto mana shi ne tebur a bakin ƙofar gona, in sayar da abin da na noma da hannuna kawai, sai rumfar leda ɗaya ta dashe. Wannan zai ciyar da tsoho ɗaya, ba gida biyu ba. Na yi teburin da ƙyauren siton.

Colin ya sami aiki a garin Aberdeen, can nesa da mu. Ba zan ga laifinsa ba, yana da iyali. Bethan ta ce, “Baba, ka zo mu tafi tare mana.” Na ce wa zan bar wa itatuwan? Ta yi kuka, ni ma na juya baya na yi nawa.

Sun tafi ranar Asabar. Suna loda kaya, aka ba ni Nesta in riƙe. Na nannaɗe ta na kai ta cikin siton, ko in ce inda siton yake, na zaunar da ita a kan daɓen, daidai inda za a sa teburin ciniki. Ta yi rarrafe har wajen tushen arewa. Ta kama dutsen da hannu biyu, ta ja jikinta, ta miƙe tsaye. Karo na farko a rayuwarta, Yaya, kuma ni kaɗai na gani! Na yi ihu har Bethan ta sheƙo a guje ta zaci wani abu ya faru. Yarinya tana ta dukan dutse tana dariya da haƙoranta biyu.

Bangon da na rage daidai tsayinta yake. Ba zai faɗo a kan kowa ba.

Ki gaida Ronald. In kin san yadda ake ganin mutum ta waya, ki rubuto mini dalla-dalla, da manyan baƙaƙe.

Ƙanenki,
Wilfred