Raƙuman Idi

Filinge, Lahadi da dare, watan Azumin Tsofaffi

Barci ya ƙi zuwa. Jikana Hamidu, angon nan nawa da ko goro bai taɓa saya mini ba, ya zo daga Yamai ya buɗe tukunyar da nake ajiye raƙuman laka. Ubanshi, ɗana Idi, Allah jiƙan shi, ya gina su yana yaro, tun zamanin mulkin soja na farko.

"Kaka, wannan ai jari ne! Akwai mai sayen tsoffin kayan wasa a Yamai."

Na ce, "Angona, in tsufa na kawo kuɗi, ni za ka fara kaiwa kasuwa."

Munka yi dariya, na tahi barkar haihuwa. Ashe wai ya ga sun yi dauɗa, mai saye zai raina. Sai ya jiƙa su cikin bokiti. Lakar da ba ta taɓa ganin wuta ba!

Na iske shi tsugune, hannu cikin taɓo. Har mai shaidar yatsan Idi a tozo, inda nake aza nawa, ya narke.

"Kaka, zan biya ki."

Na ce ya tahi maƙabarta ya tambayi mai su nawa ne. Bai ci tuwo ba. Bokitin na nan bakin gadona, na hana a zubar.